Kakakin da Ya Durƙusa Bai Nuna Kowa Ba

A ƙasar Ingila an yi wani sarki ana ce masa Charles na Ɗaya. A ganinsa sarauta daga Allah take, don haka babu mahalukin da zai tambaye shi yadda ya yi da ita. Mutanen ƙasar kuwa sun gaji wata al'ada tun kaka da kakanni, cewa sarki ba ya aza haraji sai wakilan jama'a sun zauna a majalisa sun yarda. Da jayayya ta yi yawa, a shekarar 1629 sarki ya sallami majalisa, ya shekara 11 yana mulki shi kaɗai. Harajin jiragen yaƙi, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya, ya shimfiɗa shi a kan kowa. Wani mai gonaki, John Hampden, da aka nemi sule 20 a wurinsa, ya ce ko kwabo ba zai bayar ba. Aka kai shi kotu aka kayar da shi, amma sunansa ya bazu ko'ina.

Ana nan sai yaƙi da mutanen Sukotland ya ƙarar da baitulmali. Dole ta sa sarki ya sake kiran majalisa a watan Nuwamba na 1640. A zamanin nan, ko da yake wakilai ke zaɓen kakakinsu, sarki ke nuna wanda yake so, kowa kuma na ɗaukar kakaki yaron fada ne. Aka ɗora wani lauya, William Lenthall, mutum mai sanyin hali wanda ba a san shi da ja-in-ja ba. Kujerar ma ba ta yi masa daɗi ba, har ya taɓa rubuta wa fada yana roƙon a sauke masa nauyin, domin aikin ya hana shi neman abincinsa.

Majalisa ta matsa wa sarki lamba. A ƙarshen 1641 ta zartar da dogon jerin koke-koke a kansa, mutum 159 suka yarda, 148 suka ƙi. Da sarki ya ga kan wakilai ya rabu, sai ya ce lokaci ya yi. Ran 3 ga Janairun 1642 ya tuhumi biyar daga cikinsu da cin amanar ƙasa: Pym, da Hampden, da Holles, da Haselrig, da Strode. Ya aika a kamo su, majalisa ta ƙi miƙa su. Kashegari ya taso da kansa, da dakaru wajen 400 a bayansa.

Labari ya riga shi isowa. Huɗu suka fice, Strode ya tsaya ya ce shi ba inda za shi, sai da wani abokinsa ya ja shi da alkyabba. Suka faɗa kwalekwale a kogin Thames, suka nufi cikin birnin Landan.

Sarki ya bar dakarunsa a bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe, yadda kowa zai hango takubba da bindigogi. Ya cire hularsa ya ratsa zauren. Wakilai suka miƙe tsaye, ba mai ko tari. Ya ce wa Lenthall zai ɗan ari kujerarsa, Lenthall ya kauce. Sarki ya kira sunan Pym, shiru. Ya kira na Holles, shiru. Sai ya juya ga kakaki, ya tambaye shi ko mutanen nan suna cikin zauren, ko yana ganin wani daga cikinsu, suna ina.

Lenthall dai yana kan kujerar nan tun kafin sarki ya iso, a gabansa suka fita. In ya faɗa, ya tsira da wuyansa da dukiyarsa, amma daga ranar babu wakilin da zai sake buɗe baki a zauren ba tare da ya waiwayi ƙofa ba. In ya ce bai sani ba, ya yi wa sarkinsa ƙarya a bainar jama'a. Ga sarkin da ya nuna shi aka ɗora shi a gabansa, ga mutanen da suka miƙa masa amanar zamansu sun zuba masa ido. Bai da soja ko ɗaya, bai kuma taɓa zama jarumi ba.

Sai ya durƙusa, ya yi gaisuwa irin ta bawan sarki. Ya ce, ran sarki ya daɗe, a wannan wuri shi ba shi da idon gani, ba shi da harshen magana, sai yadda majalisa ta umarce shi, domin a nan shi baranta ne. Ya roƙi gafara bisa cewa ba shi da wata amsa da ta wuce wannan.

Sarki ya ce ba komai, idonsa ma yana gani kamar na kowa. Ya bi layukan kujeru da kallo ɗaya bayan ɗaya, can ya ce ya ga tsuntsayen sun tashi. Ya juya ya nufi ƙofa, wakilai suna ɗaga murya a bayansa suna kiran haƙƙin majalisa.

Ran 10 ga wata sarki ya bar Landan, kashegari mutum biyar ɗin suka dawo ta kogi jama'a na sowa. A watan Agusta yaƙin basasa ya ɓarke. Sarki bai sake komawa birnin ba sai a matsayin fursuna, aka yi masa shari'a, aka fille masa kai ran 30 ga Janairun 1649. Shi kuwa Lenthall ya ci gaba da riƙe kujera har 1653, lokacin da wani babban soja, Cromwell, ya shigo da nasa sojoji ya kori majalisar. Ran nan ma bai tashi ba sai da aka kama hannunsa aka sauko da shi.

Tun daga ranar da Charles ya fita, ba a sake samun sarkin Ingila da ya shiga zauren wakilai suna cikin zama ba. In ka kalli bikin buɗe majalisar Birtaniya a talabijin, za ka ga sarki ya zauna a majalisar dattawa ya aiki manzo ya kira wakilai. Manzon na isowa sai a rufe ƙofa garam a fuskarsa, sai ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa kafin a buɗe masa.