Shingen Bene, Aikin da Ake Bari Sai Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa shiga bene ana cikin gininsa ya san yadda abin yake tafiya. An zuba dekin, an ɗora bulo, an yi rufi, an yi filasta, har an fara maganar fenti, amma matakala tana nan tsirara, bakin baranda kuma a buɗe. Shingen ƙarfen da zai tare mutum kada ya faɗo shi ake kira wa mai walda a ƙarshe, lokacin da aljihu ya yi sanyi, maigida kuma ya ƙagu ya tare. Abin lura shi ne, tun a kwamfutar mai zanen gini ake fara ɗage maganar shingen nan, kafin a haƙa harsashi.

Manhajojin da masu zane ke aiki da su a yau, irin su Revit da Archicad, gidan suke ginawa sukutum a cikin kwamfuta. Bango ya san kaurinsa da tsayinsa, ƙofa ta san bangon da take ciki, in aka matsar da shi sai ta bi shi, lissafin kaya kuma ya gyara kansa. Kamfanin Graphisoft na birnin Budapest a ƙasar Hungary ne ya fito da Archicad tun cikin shekarun 1980. Revit kuwa ta fito a 2000 daga wani ƙaramin kamfani a jihar Massachusetts ta Amurka, Autodesk ya saye shi a 2002 kan dala miliyan 133. Bango da ƙofa da taga sun daɗe da zama daram a waɗannan manhajoji. Shinge ne aka bari a baya. Sai a Revit 2013 aka samu mariƙin hannu mai tafiya ba yankewa, da abin tallafe shi a jikin bango. Archicad ma sai a fitowarta ta 21, a 2017, ta samu kayan aikin shinge mai zaman kansa, bayan ta haura shekara 30 a hannun mutane.

Akwai dalili, kuma ba raini ba ne kaɗai. Shinge yana da wuyar sha'ani fiye da yadda ido ke nunawa. Yana bin gangaren matakala, ya miƙe a kan dandamalin da ke tsakanin hawa biyu, ya karya kwana, ya sake hawa. A daidai kwanar ciki, inda hawa na farko ya ƙare na biyu ya soma, tsayin mariƙin ƙasa da na sama ba sa haɗuwa da kansu. Sai an lanƙwasa ƙarfen, ko an ja taki ɗaya baya tun a zane. A nan manhaja kan yi wani irin karyayyen haɗi da babu maƙerin da zai iya ƙera shi. Ga kuma sanduna. Mai zane yakan ba da tsari guda, sanda kaza bayan tazara kaza, manhaja ta yi ta maimaitawa har ƙarshen layi, inda ake samun ragowar da ba ta cika ba, wani lokaci ta yi faɗi, wani lokaci sanda ta faɗo a kan ginshiƙi. A Revit, masu aiki da ita sun daɗe suna kukan cewa ba ka iya kama sanda ɗaya ka matsar da ita kamar yadda za ka matsar da taga. Sai ka ƙirƙiri sabon nau'in shinge, ko ka yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Archicad ta fi sassauci a nan, don tana barin mutum ya shiga cikin shingen ya taɓa sassansa ɗaya bayan ɗaya, amma saitunanta suna da yawa, sai mai haƙuri.

To me mai zane yake yi in aiki ya matse shi? Yakan ɗauki shingen da ya tarar a manhaja ya liƙa, don hoton gidan ya yi kyau a idon maigida, ya bar sauran bayani ga wanda zai ƙera. Wannan ita ce ɓarakar da ta fi damuna. Duk abin da kayan aiki suka wahalar, ɗage shi ake yi, kuma hukuncinsa yakan faɗa hannun mutumin da ya zo ƙarshe, wanda aka fi ƙarancin yi wa bayani.

Alhali shinge na cikin sassan gini da doka ta fi ƙayyade wa lamba. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce a ginin da yara 'yan ƙasa da shekara 5 za su iya shiga, kada a bar wata kafa da ƙwallo mai faɗin milimita 100 zai ratsa, kuma kada shingen ya zama mai sauƙin hawa ga yaro. Tsayin shingen baranda ta waje milimita 1,100 ne, na matakalar gida kuma 900. A Amurka, ƙa'idar manyan gine-gine ta sa tsayin shinge inci 42, mariƙin hannu tsakanin inci 34 da 38, tazara kuma kada ƙwallon inci 4 ya wuce. A da inci 6 suka yarda da shi, daga baya suka rage, saboda ƙaramin yaro na iya zura jikinsa ta irin wannan kafa, ko dai ya faɗa, ko kansa ya maƙale. Sun kuma ce dole saman shinge ya jure turin fam 200, wajen kilo 90, a wuri ɗaya. Kowace lamba a nan jikin mutum aka auna aka samo ta: kan jariri, ƙugun babba, tafin hannun tsohuwa mai saukowa a hankali.

Najeriya ma ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma a yawancin gidajen da ake ginawa a garuruwanmu, mai walda da maigida ne ke yanke shawarar shinge a tsaye a bakin matakala. Ba na ganin laifin mai walda. Ba a ba shi zane ba, an ce masa dai a yi mai kyau kuma kada ya yi tsada. In ya zo awo kafin a yi daɓe a shimfiɗa tayil, daga kan dekin zai auna, bayan an gama ƙasa ta tashi da 'yan santimitoci, shinge ya gajarce. In kuɗin fayif bai isa ba, sai a buɗa tazara kaɗan, ba wanda zai lura. Sai kuma salon da ake yayi na farin ƙarfe mai sheƙi, da sanduna uku ko huɗu a kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. A ido yana da tsabta, amma ga yaro mai shekara uku tsani ne aka kafa masa a bakin baranda.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ake nema a manhajojin nan ya wuce sauƙaƙa wa mai zane aiki. Kayan zana matakala sun riga sun san doka: kana saka iyakar tsayin taki da mafi ƙarancin faɗinsa, manhaja ta lissafa maka yawan taki, ta yi gargaɗi in ka ƙetare. Haka ya kamata a yi wa shinge. Manhaja ta tambayi faɗin kafar da ke tsakanin sanda da sanda, domin ita doka ke aunawa, sannan ta raba ragowar daidai da kanta. Ta auna tsayi daga saman tayil da bakin taki. In kafa ta wuce milimita 100, ko da a kusurwa ce ko a ƙarƙashin sandar ƙasa, ta nuna da ja nan take, tun hannun mai zane yana kan aikin, maimakon a jira wata manhajar bincike irin Solibri, wadda ƙananan ofisoshi da yawa ba su da ita. Ta bar mutum ya gyara sanda ɗaya ba tare da ya rushe tsarin duka ba. Abin da ya fi muhimmanci a wurina kuwa, ta iya fitar da takarda guda da mai walda zai karanta: tsawon kowane fayif, kaurinsa, yawansa, da yadda za a dasa ginshiƙi a kankare. Shingen da aka ɗana a kan tayil da ƙananan kusoshi, komai kyan tazararsa, ba zai tare ƙato ba in ya jingina.

Kamfanonin suna jin magana in an haɗa baki. A watan Yulin 2020, manyan ofisoshin zane na Birtaniya, ciki har da Zaha Hadid Architects da Grimshaw, sun rubuta wa shugaban Autodesk, Andrew Anagnost, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin cewa kuɗin Revit na hauhawa, ci gabanta kuma na tafiyar hawainiya, kuma sai da kamfanin ya fito ya ba da amsa. Masu zane na wannan yanki namu ma suna aiki da waɗannan manhajoji, suna da bakin faɗin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wahalar manhaja ba ta hana mai zane ya ware shafi ɗaya ya zana shingen da awonsa, ko da layi zalla ne.

Kai kuma mai gini, tun ranar da aka miƙa maka zane ka tambayi shafin shinge, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. In ka riga ka tare, ɗauki tef ka auna tsakanin sandunan barandarka da na matakala. Duk inda ya wuce santimita 10, kira mai walda ya ƙara sanda.