Mai Fatsar Nishaɗi Da Mai Tarun Neman Abinci: Wa Za A Ce Ya Bar Kogi?

 

'Yan uwa, tambayarmu ta wannan Juma'ar a kan kifi take. Idan kifin kogi ya fara ƙaranci, dole hukuma ta ce wani ya rage kamu ko ya daina. To wa za a ce ya daina? Kuma idan mutum biyu suna son kogi ɗaya, ɗaya yana da ƙafar shiga ofishin gwamnati, ɗayan ko hanyar ofishin bai sani ba, mene ne ya hau kan mai ƙafar?

A ƙasashen Turawa akwai miliyoyin mutane da suke kamun kifi da fatsa don nishaɗi kawai. Mutum yana da aikinsa da albashinsa, ranar hutu sai ya ɗauki sanda da ƙugiya ya tafi bakin ruwa ya wuni. Da yawansu in sun kama kifin, auna shi za su yi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Mu nan in ka ga dattijo yana haka sai ka ce a kai shi a yi masa rukiyya. Amma kada ku raina su. Suna da ƙungiyoyi da lauyoyi da mujallu, kuma sun iya kamun ƙafa a majalisa. Sannan kuɗinsu ne ke riƙe da hukumomin kula da kifi. A Amurka, tun 1950 akwai dokar da ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, ana rarraba wa jihohi kuɗin don kiwon kifi da gyaran ruwa, ga kuma kuɗin lasisi da kowane mai fatsa yake biya. Ma'aikacin da albashinsa ke fitowa daga aljihunka, ba sai an gaya masa wa zai fara buɗe wa ƙofa ba.

Adalci shi ne a fara faɗin alherinsu, don yana da yawa. A Ingila, a 1948 masu fatsa suka kafa ƙungiya don kai ƙarar masu gurɓata ruwa. A 1952 wata ƙungiyar masu fatsa ta garin Derby ta maka wani babban kamfanin sinadarai da hukumar garin da hukumar wutar lantarki a kotu, saboda dagwalo da ruwan zafin da suke zubawa a kogin Derwent ya kashe kifin wurin. Masu fatsa suka yi nasara, aka ɗaukaka ƙara, suka sake yin nasara. Kogin da aka tsabtace kowa ya amfana da shi, har wanda bai taɓa riƙe ƙugiya ba. Har yau a kogunan Ingila ana rufe kamun yawancin kifayen ruwan daɗi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni don a bar su su yi ƙwai, kuma da yawa daga cikin masu kare wannan doka su ne waɗanda dokar ta hana wa nishaɗinsu na wata uku. Don haka mai cewa ɗan hutu ba shi da bakin magana a kan kogi bai yi gaskiya ba. Mai zama bakin ruwa kowane mako shi ne yake fara ganin ruwa ya sauya launi.

Sai dai akwai wani labarin, kuma a kansa nake so mu daɗe.

A arewa maso yammacin Amurka akwai jihar Washinton (jiha ce, ba birnin da fadar shugaban ƙasa take ba). Kogunanta sun shahara da kifin samon da wani ɗan uwansa da suke kira sitilhed. Kifaye ne da ake ƙyanƙyashe su a kogi, su gangara teku su girma, sannan su hauro kogin da aka haife su don yin ƙwai. Ƙabilun 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a wurin, da wannan kifi suke rayuwa tun kaka da kakanni. A 1854 da 1855 gwamna Isaac Stevens ya ƙulla yarjejeniyoyi da su. Suka bar wa gwamnati ƙasarsu mai faɗin miliyoyin eka, amma aka rubuta cewa haƙƙinsu na su a wuraren da suka saba yana nan, tare da sauran jama'a.

Da tafiya ta yi tafiya, kifi ya ragu. Manyan dalilan a fili suke: madatsun ruwa da suka tare wa kifi hanya, saran dazuzzuka da ya cika koguna da laka, da manyan jiragen su da ke kwashe kifin tun a teku kafin ya iso bakin kogi. Madatsar Grand Coulee kaɗai, da aka gina a kan kogin Kolambiya ba tare da an yi wa kifi mahaura ba, ta yanke shi daga ɗaruruwan mil na wuraren da yake ƙwai. Amma madatsa ba ta kamuwa, kamfanin katako kuma yana da lauya. Wanda ido ke iya gani shi ne ɗan ƙabila a cikin kwalekwale da ragarsa. Tun 1925 jihar ta ayyana sitilhed a matsayin kifin wasa, wato na masu fatsa, ta hana kama shi da raga. Ƙungiyoyin masu fatsa suka riƙa matsa wa hukuma ta tabbatar da dokar a kan ƙabilun, da sunan kare kifi, alhali abin da ƙabilun ke kamawa bai kai kashi 10 cikin 100 na dukan kamun jihar ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani mutum ɗan ƙabilar Nisqually mai suna Billy Frank, yana ɗan shekara 14 aka fara kama shi a 1945 saboda ya saka raga a kogin kakanninsa. An kama shi fiye da sau 50 a rayuwarsa. Ana ƙwace raga, ana ƙwace kwalekwale, ana duka. Sai ranar 12 ga Fabrairu 1974 alƙali George Boldt ya yanke hukunci cewa yarjejeniyar nan tana nan da ranta, kuma ma'anarta ita ce rabin kifin da ya halatta a kama na ƙabilun ne. Masu fatsa da masu jiragen su suka yi zanga-zanga, har suka rataye mutum-mutumin alƙalin. Kotun Ƙoli ta tabbatar da jigon hukuncin a 1979.

Abin lura shi ne, yawancin masu fatsar nan ba mugaye ba ne. Da gaske suna son kifin, da gaske suna tsoron ya ƙare. Amma da suka je gaban hukuma, maganin da suka kawo shi ne wanda wani zai sha ɗacinsa. Wannan cuta ce da ba ta san launin fata ba: mutum ya haɗa maslahar jama'a da son ransa a ƙwarya ɗaya, ya dama, har shi kansa ya kasa rarrabewa.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana farautar ruwa da abincinsa. Hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Akwai kuma ƙissar sahabi Abyad ɗan Hammal, wanda ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya mallaka masa wurin gishirin Ma'arib, aka ba shi, da aka bayyana wa Annabi cewa gishirin nan kamar ruwan da ba ya yankewa ne, kowa na ɗiba, sai ya janye kyautar. Wato roƙon shugaba ba laifi ba ne, amma isowa da wuri ba ya mai da abin jama'a ya zama naka.

To in dole ta sa a killace fa? Nan ne Sayyidina Umar (RA) ya bar mana ma'auni, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Bukhari. Ya keɓe wata makiyaya don dabbobin baitulmali, ya ɗora bawansa Hunayyu a kanta. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabinon da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa suka mutu, 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka, kuma ba shi barinsu ba, ciyawa da ruwa sun fi masa sauƙin bayarwa a kan zinariya da azurfa.

Ku duba su wa aka tare. Mutum biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, mutanen da dukiyarsu ta ɗauki nauyin rundunonin Musulunci. Umar bai auna waye ya fi kirki ba, bai auna waye ya fi ba baitulmali ba. Tambaya ɗaya ya yi: in an rufe wannan ƙofar, wa ke da wata ƙofar? Mai fatsar nishaɗi in an hana shi kogi, Asabar ɗinsa ce ta lalace. Masunci in an hana shi, tukunya ce ba za ta hau murhu ba. A ganina duk dokar kogin da ta daidaita waɗannan asarori biyu, ko ta fifita ta farko don masu ita sun fi biyan lasisi, ta kauce wa ma'aunin Umar, ko da an rubuta mata sunan kare kifi da manyan baƙaƙe.

Masu karatun Risala za su tuna cewa Ibnu Abi Zaidin ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Fatawa a kan kama kifi a sake shi ta malamai ce. Abin da ya ba ni sha'awa kawai, ƙasar Suwizalan ma tun 2008 dokarta ta hana mutum ya jefa fatsa da niyyar sakin kifin tun farko, don suna ganin azabtar da mai rai ne ba da dalili ba.

Wani zai ce, to ashe talaka ya yi abin da ya ga dama ke nan? A'a. Talauci ba lasisin ɓarna ba ne. Mai zuba gamalin a ruwa ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, da mai jan taru mai ƙananan idanu ya kwashe 'ya'yan kifi, 'ya'yan ɗan uwansa masunci yake ci wa abincin baɗi, kuma dokar kamun kifi ta 1992 a ƙasar nan ta haramta guba da nakiya a ruwa. Kakanninmu sun san da rufe ruwa. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Bambancin shi ne, mai rufe ruwan daga cikin masunta yake, ya san gidan kowa, kuma in an buɗe kowa na shiga. A Washinton ma bayan hukuncin Boldt an sa ƙabilun cikin masu tsara dokar kifi tare da jiha. Billy Frank ya shugabanci hukumarsu ta kifi fiye da shekara 30, kuma ƙabilun ne suka kai jihar kotu har aka tilasta mata gyara kwalbatocin da ke tare wa kifi hanya a ƙarƙashin tituna. Mutanen da aka ce su ne ke ƙarar da kifi, da aka ba su kujera sai ga su a sahun gaba wajen kare shi.

Mu da muke zaune a kudu mun san ɗanɗanon a yanke maka hukunci ba ka wurin. Da aka hana acaba a wasu sassan Legas a 2022, gwamnati tana da dalilanta na haɗurra da tsaro, amma yaran da abin ya fi shafa a bakin titi suka ji labari. Muna jin zafin wannan, kuma muna da gaskiya. Sai dai a cikin kasuwanninmu, sau da yawa mu ne masu fatsar. Mu ne masu ƙungiya da rasit da shugaban da ke iya shiga wajen ciyaman. Idan muka je muka roƙi a kori masu tebur da masu baro daga bakin layi don a samu tsabta da hanya, tsabtar gaskiya ce, hanyar ma gaskiya ce, amma cinikin da zai dawo shagunanmu shi ma gaskiya ne, kuma shi ne ba ma faɗa. Idan 'yan kifi banda suka nemi a hana kowa sauke kwali sai mai katin ƙungiya, a tambaya: nawa ne katin, kuma yaron da ya zo daga Baga ko Yawuri da kwali biyu, jarinsa ke nan duka, ina zai kai su kafin su yi ƙwari?

Ba na cewa a daina kamun ƙafa. Baƙon da ba shi da ƙungiya a garin mutane ganye ne a iska. Abin da nake roƙon shugabanninmu, kafin a buga takardar da za a kai wa hukuma, a kira wanda dokar za ta fi taɓawa a zaunar da shi, ya ji abin da aka rubuta, a rubuta nasa a ƙasa ko da ya saɓa wa namu. In kuma akwai ribar da za mu samu a cikin abin da muke nema, a faɗe ta a fili a cikin takardar, hukuma ta auna da idonta biyu. Sakatarorin ƙungiyoyinmu suna da rajistar masu shago da lambobin wayarsu. Masu baro da masu tebur ba su cikin rajistar, amma bayan sallar nan za ku same su a ƙofar masallaci.