Mai Gumi da Mai Kaɗa Hannu

Mu ɗauka abokai biyu ne a falo ɗaya, kowanne da farin rimot a hannu, suna buga tanis a talabijin. Ɗaya yana tsaye, ya ware ƙafafu, yana kai hannu baya ya kawo shi da ƙarfi har rigarsa ta jiƙe. Ɗayan yana kishingiɗe a kujera, wuyan hannu kawai yake kaɗawa kamar mai korar ƙuda. Da aka tashi wasa, na kishingiɗen ne ya ci. Shin ya yi ha'inci?

Wasan da muke magana a kai shi ne Wii Sports, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a Nuwamban 2006 tare da na'urar Wii. Wasanni biyar ne a ciki: tanis, golf, dambe, besbol, da bolin, wato gangara ƙwallo mai nauyi don ta kaɗe sanduna goma. An sayar da kwafi sama da miliyan 82. Abin da ya ja mutane shi ne ba zaman danna maɓalli ba ne, tashi za ka yi ka kai bugu da hannunka. Har rimot ya riƙa suɓuce wa mutane yana fasa talabijin, kuma kafin shekarar ta ƙare sai da kamfanin ya sanar da sauya igiyoyin ɗaure shi a hannu sama da miliyan 3 da masu kauri.

Sai dai rimot ɗin ba ya ganin mutum. Wani ɗan ma'auni ne a cikinsa mai jin fizga da karkata, bai san ko kafaɗa ta motsa ba, balle ƙugu. A tanis ma ɗan wasan da ke kan allo da kansa yake bin ƙwallo, naka kawai ka kai bugu a kan lokaci. Ba a daɗe ba mutane suka gano haka.

To, na kishingiɗen bai karya doka ba, domin babu dokar da ta ce a tsaya. Duk da haka muna jin mai gumin an cuce shi, kuma muna ganin jin nan yana da tushe. Masanin falsafa Bernard Suits, a littafinsa na 1978, ya kai ga cewa wasa wahala ce da mutum yake ɗora wa kansa da gangan alhali akwai hanya mai sauƙi. Duk wanda ya yi langa ya san wannan: in ka saki ƙafar da ka riƙe za ka fi kowa gudu, amma ka daina langa. Bambancin shi ne a langa idon jama'a yana kan ƙafarka. A falon nan alƙalin makaho ne, don haka wahalar ta zama amana tsakanin mutum biyu.

Da a nan zancen ya tsaya, da mun yanke hukunci mun tashi. Amma wannan makantar ce ta kai wasan gidajen kula da tsofaffi a Amurka, inda aka riƙa shirya gasar bolin. Tsohuwar da hannunta ba zai ƙara ɗaga ƙwallon gaske ba, tana zaune a keken guragu, ta lilo da hannu kaɗan sanduna su zube, abokan zamanta su yi tafi. Motsin da ta yi kusan shi ne na mai kishingiɗa. A wurinsa ragowa ce, a wurinta iyakar ƙarfinta ke nan, kuma na'urar maki ɗaya za ta rubuta musu.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin buɗe wa alƙalin ido. A 2009 Nintendo ya ƙara wa rimot ɗin ma'aunin juyawar hannu, a 2010 kuma Microsoft ya fito da Kinect, mai kyamarar da ke bin gaɓoɓin jiki. Mu dai ba mu cika ɗokin irin wannan alƙali ba. Duk tarkon da aka ɗana wa rago, marar ƙarfi ne zai fara faɗawa ciki.

Saboda haka laifin da muke gani ga na kishingiɗen ba a wuyan hannunsa yake ba. Ya san sirrin, ya bar abokinsa yana zufa a kan wani wasa dabam da wanda shi yake bugawa, sannan ya karɓi nasarar kamar abu ɗaya suka yi. Da ya ce, "Malam, zauna ka gani, ba sai ka tsaya ba," da sun daidaita. Wataƙila abokin ya ce shi dai a tsaye yake so, ko da zai sha kaye. Wataƙila kuma ya ja kujera, su biyun su kishingiɗa suna kaɗa hannu, 'yan wasan kan allo suna ta gudu a madadinsu.