Mai Zanen Namun Daji, Akwai Alhaki a Wuyansa?

A zamanin nan da wuya mutum ya shiga masaukin baƙi, ko ofis, ko makaranta, bai ga hoton naman daji rataye a bango ba. Ga giwa da 'ya'yanta, ga zaki kwance a gindin itace, ga raƙumin dawa ya miƙa wuya, rana tana faɗuwa a bayansa. Masu zane da yawa a ƙasashen Afirka da wannan sana'a suke ci, suna kuwa cewa gadon kakanninsu ne. Amma yawancin masu rataye hoton, har da waɗansu masu zana shi, ba su taɓa ganin dabbar da rai ba, dabbar kuwa sai raguwa take yi. To, 'yan'uwa, ga tambayar da za mu duba: mai zane in ya zana, ya sayar, ya karɓi kuɗinsa, magana ta ƙare ke nan? Ko kuwa dabbar tana binsa bashi?

Batun gado dai gaskiya ne. A ƙasar Azbin, arewa da Agadas cikin Nijar, akwai wani wuri da ake kira Dabus. A can bisa wani falalen dutse mutanen dā suka sassaƙa siffar raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Tsawon babban ya kai ƙafa 18, watau kamar tsawon dabbar kanta. Masana sun ƙiyasta aikin ya yi shekara 6,000 ko fiye. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta labarinsa a 1987. Masu aikin nan ba su da ƙarfe, dutse suka sa suka sassaƙa dutse, duk da haka suka fitar da dabbare-dabbaren jikin dabbar ɗaya bayan ɗaya, da kunnuwa, da kofato. Wanda bai daɗe yana kallon raƙumin dawa ba, ba ya iya wannan.

Yau Dabus hamada ce, babu raƙumin dawa ko ɗaya. Amma dutsen yana ba da shaida cewa dā akwai ruwa, da ciyawa, da itatuwa masu tsawo, gama dabbar nan daga kan itace take ci. Daga nan mun koyi abu biyu. Na fari, zane shaida ne, ya kan daɗe bayan mai yinsa da abin da aka zana duka sun shuɗe. Na biyu, zane shi kaɗai ba ya ceton kome. Mutanen Dabus ba su da laifi cikin wannan, gama ruwan sama ne ya janye, ƙasa ta bushe. Namu sha'anin dabam ne. Abin da ke ƙarar da namun daji a zamaninmu, yawancinsa bindiga ce, da gatari, da gona mai cin daji.

Mu bar mutanen dā, mu zo ga masu fenti na kusa da zamaninmu, can gabashin Afirka. A 1968, a birnin Darussalam na Tanzaniya, wani talaka mai suna Edward Saidi Tingatinga ya fara zanen dabbobi. Ba shi da kuɗin kayan zane na Turawa, sai ya samu guntayen katakon silin da fentin da ake shafa wa keke, ya riƙa zana damisa, da kura, da tsuntsaye, da launi mai haske ƙwarai, yana sayar wa baƙi. Bai daɗe ba, gama a 1972 harsashin 'yan sanda ya same shi bisa kuskure, ya rasu. Almajiransa suka ci gaba, har a 1990 suka kafa jam'iyyar gama kai da sunansa. Zanen Tingatinga ya ciyar da gidaje masu yawa, ya kuma kai sunan Tanzaniya nesa. Wannan abin yabo ne, ba mai musu.

Amma mu dubi abin da ya faru a daji sa'ad da ake ta sayar da hotuna a birni. Bisa ga ƙidayar gwamnatin Tanzaniya, a 2009 akwai giwaye wajen 109,000 a ƙasar. Da aka sāke ƙirgawa a 2014, saura wajen 43,000. Masu neman haure ne suka kashe yawancinsu. Cikin shekara 5 fiye da rabi suka tafi, amma a jikin katako giwa ba ta ragu ba ko ɗaya. Baƙo ya sayi hoto ya koma garinsu, yana tsammani daji cike yake. Ga haɗarin ke nan: hoto mai kyau ya kan kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi. Haka kuma baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda ragowarta na ƙarshe suka zauna a arewacin Kamaru. A 2011 aka tabbatar ta ƙare sarai. Har gobe ana iya zana ta, amma zanen ya zama ihu bayan hari.

Wani zai ce, "Haba, wannan ɗora wa mai zane kayan da ba nasa ba ne. Shi ba mai gadin daji ba ne, ba shi ya harbi giwa ba. Abincin 'ya'yansa yake nema, mai saye kuwa abu mai kyau yake so, ba gawa ba." Akwai gaskiya cikin maganan nan, kada mu raina ta. Abu mai kyau ba laifi ba ne. Yaron da bai taɓa ganin jimina ba, a hoto zai fara ganinta, mutum kuwa ba ya jin tausayin abin da bai sani ba. Ba mu ce mai zane ya jefar da burushinsa ya ɗauki bindiga ya shiga daji ba. Amma Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Wanda siffar dabba take ciyar da shi, dabbar tana da hakki a kansa. Hakkin nan ba kuɗi ba ne. Gaskiya ce. Da ya ke zane shaida ne, mai zane ya zama mai ba da shaida, kuma an san hukuncin mai shaidar zur, ko da ya faɗe ta da murya mai daɗi.

Wace gaskiya ce za a nema a wurinsa? Labarin raƙuman dawa na Kure zai nuna mana. A farkon ƙarni na 20 irin raƙumin dawa na yammacin Afirka yana yawo tun daga Senegal har Tafkin Chadi. Farauta da fari da saran itatuwa suka rage shi, har a 1996 saura 49 kaɗai a duniya duka, suna zaune wajen Kure, kamar mil 40 daga Yamai. Wurin ba gandun daji ba ne, ƙasar manoma ce. Dabbobin su kan ci ganyen gawo, amma su kan shiga gona su ci wake, su ci mangwaro. Masu itacen wuta kuma suna saran dajin su kai birni, ba don mugunta ba, don neman na hatsi. Gwamnati ta tsananta hana kisansu, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da rancen jari, samari suka zama 'yan jagora suna samu daga baƙi. A 2019 raƙuman dawan sun wuce 600. A 2018 har an ɗebi 8 an kai Gadabeji cikin jihar Maraɗi, inda irinsu suka ɓace tun wajen shekarun 1970.

To, wanda ya zana raƙumin dawan Kure shi kaɗai cikin daji marar iyaka, ba gona, ba ɗan Adam, ya faɗi rabin magana. Ya ɓoye manomin da ya yi haƙuri da ɓarnar wakensa, alhali kuwa haƙurin nan ne ya raya dabbar. A nan mutanen Dabus sun fi waɗansunmu. A jikin dutsen, daga bakin kowane raƙumin dawa akwai wani layi da ya sauko kamar igiya, har ya kai ga siffar wani ɗan ƙaramin mutum. Waɗansu masana sun ce farauta ake nufi, waɗansu sun ce sha'anin ibadarsu ne. Ko wanne ne, abu ɗaya a fili yake: ba su zana dabba dabam, mutum dabam ba. Sun ɗaure su da igiya guda. Wanda ya ce yana bin gadon kakanni, kada ya ɗauki dabbar ya bar igiyar.

Saboda haka abu uku muke roƙon mai zane. Na ɗaya, ya je ya gani da idonsa gwargwadon iko, kada ya kwaikwayi hoton wani, gama gani ya kori ji. Na biyu, ya zana dabba tare da mazauninta yadda yake, in akwai kututture a wurin, ya sa kututturen. Na uku, kada ya manta da mutanen wurin, kada kuwa ya mai da su mugaye, gama wanda giwa ba ta taɓa tattake masa gero ba, zagin manomi yana yi masa sauƙi.

Kai kuma mai karatu, kana da naka rabo. In ka sayi hoto, ko ka ga ɗaya a kalanda, ka tambaya: dabban nan ina take yanzu, nawa suka rage, wa ke zama kusa da ita? In ɗanka ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya. Tsofaffin garinku sun san inda barewa da gada suke kiwo dā, ka tambaye su abin da ya kore su. Alhakin yana wuyan mai zane, yana kuma wuyan mai kallo. Allah ya sa jikokinmu su ga raƙumin dawa yana tafiya da ƙafafunsa, kada su san shi a bango kaɗai.