Nasiha Ga Uwaye Game Da Yaron Da Halinsa Ya Gagara

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku uwayenmu da ƴan'uwanmu mata, muna jan hankalinku ga yaron nan da ba ya zama wuri guda, ko yake faɗa da fashe-fashe kullum, ko ya kai shekara uku bai fara magana ba, ko a kira shi ya yi kamar bai ji ba. Wata uwa ta ce taurin kai ne, ta ɗauki bulala. Wata ta ce aljanu ne ko sammun kishiya, ta kai wa boka kuɗin cefane. Wata kuwa ta ɓoye shi a ɗaki, don gudun a ce ɗanta mahaukaci ne, ƴaƴanta mata su rasa mijin aure.

Ku sani, ƙiriniya ta ƙuruciya daban, ciwo daban. Sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 1995 da 2015, yakan bar yaro da kurumta ko wahalar koyo. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yakan canza hali. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ɗauke na ɗan lokaci yana kallo. Tashin hankalin gida ma yakan taɓa zuciyarsa. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Neman magani ba ya warware tawakkali. Hadisin Abu Huraira cikin Sahihul Buhari ya karantar da mu cewa kowace cuta tana da maganinta. Malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai tare. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana karɓar masu ciwon hankali. Wannan gadonmu ne.

Saboda haka, ki yi wa ɗanki addu'a da ruƙiya ta shari'a, ki kuma kai shi gidan likita mafi kusa. Ki faɗi yaushe abin ya fara da ciwon da ya taɓa yi. In an tura ku babban asibiti, kamar na Yamai mai sashen lafiyar hankali, kada kunya ta hana ki. Ba kowane yaro ake ba ƙwaya ba. Wani gwajin ji yake buƙata, wani shawara ga iyayensa.

Ku kuma maza, kuɗin mota da na magani suna cikin ciyarwar da ta wajaba a kanku. Ku uwayen miji da maƙwabta, ku kame harshe daga gori. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa tsawata masa ba.

Allah Ya shirya zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.