Aguwa da 'Yar'uwarta ta Cikin Tukunya

Wanda ya bi burtali a Sanyinna bayan sallar asuba, ko ya miƙa wajen Kebbe, ba zai rasa ganin aguwa a jere tana tsare gonaki ba. Da rani ake sare reshenta a kafa a busasshiyar ƙasa, kafin damina ta kankama ya kama. Daga nan sai a ƙyale ta, ta yi yadda ta ga dama.

Danginta suna da yawa: tinya, kyarana, har da nonon kurciya, duk masu farin ruwa. Akwai wata 'yar'uwarsu ta ƙasar Meziko da ake kira poinsettia. A daji takan kai mita 3 ko fiye, amma a kasuwannin Amurka da Turai cikin tukunya ake sayar da ita, 'yar gajeruwa, cike da rassa, ganyen samanta jajur.

Hannun mai lambu ne ya mai da ita haka. Tana tsaka da tashi sai ya tsinke tohon samanta, domin wannan toho shi ke aika sinadarin da ke hana idanun gefe buɗewa. Da an cire shi, rassa sai su fito ta ko'ina. Yakan rage mata ruwa, wani lokaci ya fesa maganin da ke gajarta gaɓa. Sannan ya rufe ta cikin duhu na kimanin awa 14 kowace rana har kusan wata biyu. Ko hasken fitila ya shiga cikin wannan duhu, jan na iya jinkiri.

Ɗan'uwa, a cikin sunayen Ubangiji akwai Al-Ƙabidu da Al-Basiɗu, Mai ƙuntatawa da Mai yalwatawa, kuma malamai sukan ambace su tare. Mu dai na biyun muke so. In kasuwa ta tsaya, ko abin da muka ɗora wa rai ya kuɓuce, sai mu ce an gama da mu. Alhali sau da yawa wannan buri guda, kamar tohon saman poinsettia, shi ya danne sauran: zumuncin da aka yasar, karatun da aka ajiye, sallar daren da aka manta.

Sai dai kada mai iko ya fake da wannan. Magani in ya yi yawa tsumburar da shuka yake yi, ganye ya ƙone. Uba da malami da maigida duk suna datsa na ƙasa da su, kuma ba kowane tsanani ne tarbiyya ba. Wani huce haushi ne kawai. Allah Ya san gwargwado, mu kuwa sai mun lura.

Ya Allah, Ka ba mu haƙuri a kan abin da Ka hana mu, Ka sassauta hannunmu a kan waɗanda Ka ba mu amanarsu. Amin.