Mota tamu, hanya ta kowa

A Japan, Akira Nakai kan yanke gefen Porsche 911 da hannunsa, ya faɗaɗa jikinta. Mu a Gusau muna kallonsa a waya, muna sha'awa.

Ado ba laifi ba ne, kakanninmu ma sun yi wa doki jalala. Sai dai mu masu rubuta manhaja mun san taɓa wuri ɗaya kan girgiza sauran. Ƙaton rim da siririyar taya yake zuwa, ramin hanyar Tsafe ko Bungudu kuwa yana iya fasa ta ana cikin gudu. Motar ta ƙwace, ta nufi ɗan kabu-kabu ko yarinya mai talla, waɗanda ba mu shawarta ba.

Kuɗin namu ne, haɗarin kuwa da su muka raba. Haƙƙinsu ya riga adonmu.